Malam Edita, wai "mara iyaka" ɗin nan da muke ta faɗa me muke nufi da ita?

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanka, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Na daɗe ina son rubuto muku kan wata kalma da ke yawo a bakinmu da rediyo da shafukan jaridu har da taku, wato "mara iyaka", ko "ba iyaka", ko "babu iyaka", duk dai tafiyar ɗaya ce. Kullum sai ince gobe zan rubuta gobe zan rubuta, sai satin da ya wuce wani abu ya faru a gidana wanda ya sa nace yau kam ba fashi.

Yarinyata 'yar aji biyar a firamare tana zaune kusa da yayanta yana aikin lissafi da daddare, sai ta leƙa littafinsa ta ga wata alama, ta ɗago kai tace Baba me ya sa wannan takwas ɗin ta kwanta? Na duba naga alamar nan ce ∞. Nace mata ai ba takwas bace, alama ce ta abin da ba shi da iyaka. Ko numfashi bata ja ba tace, au kamar datar wayarka? Wallahi Malam Edita jikina yayi sanyi, domin wannan datar da take magana a kai kwana biyu kafin nan ta gama ɓata min rai, kuma sai na gane cewa yarinyar nan farkon inda ta fara jin wannan babbar kalma a bakin talla ne.

Ga yadda akayi. Na sayi data a wani kamfanin waya, ba sai na kama suna ba, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa mara iyaka ce ta wata guda. Kwana goma sha biyu ina aikina lafiya lau, ranar na sha uku ina tsakiyar tura wasu takardun aiki da ake jira sai abu ya tsaya cak, 'yar da'irar nan tana ta juyawa tana ta juyawa ba gaba ba baya, na kashe waya na kunna, na cire layi na mayar, shiru. Dana kira su sai wata baiwar Allah ta ɗauka cikin ladabi tace Yallaɓai ai datarka bata ƙare ba, an dai rage mata gudu ne saboda ka kai wani adadi da ke cikin sharuɗɗa. Nace mata 'yar'uwa to ai wannan adadin da kika faɗa shi ne iyakar. Tayi shiru, nima ban matsa mata ba don nasan ba ita ta rubuta tallar ba.

Kuma wannan ba a kaina farau ba. A Amurka hukumar kare masu sayen kaya ta tarayya ta kai kamfanin AT&T kotu a shekarar 2014 kan ya sayar wa mutane data da sunan mara iyaka sannan yana rage musu gudu in sun kai wani mizani, a 2019 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 60 a kashe maganar. Shi ma Google Photos da ya fito a 2015 da alkawarin ajiye hotuna kyauta ba iyaka, daga 1 ga watan Yunin 2021 ya daina, ya sa mizani. Kaga kenan a duniyar kasuwanci kalmar ta zama ƙugiya, ana sa ta a babban rubutu, ita kuma iyakar ana ɓoye ta a ƙananan haruffan da ba mai karantawa.

To amma ni ba ƙorafin data ya kawo ni ba, wannan ya wuce. Kalmar ce take damuna.

In ka tsaya ka kalli "iyaka" ita kanta za ka ga Bahaushe ya ɗora mata kaya da yawa. Akwai iyakar gona, layin da ya raba taka da ta maƙwabcinka. Akwai kan iyaka tsakanin ƙasa da ƙasa, jam'inta iyakoki. Akwai iyaka ta ƙarshen abu, kamar mutum ya gama bayani yace iyakar abin da na gani kenan. Akwai iyaka ta ƙarfin mutum, nayi iyakar ƙoƙarina, ko iya ƙoƙarina, ko bakin iyawata. Akwai kuma iyaka ta tarbiyya da doka, wadda in mutum ya ƙetare ta ake cewa ya wuce iyaka, ko ya wuce haddi, ko ya wuce gona da iri. Daga cikinta aka samu iyakance, aka samu iyakacin. Shi kuma "mara" ɗin da muke liƙa mata a gaba daga rasa ya fito, wanda ya rasa abu, shi ya sa wani zai ce maras, wani marar, wani mara, in abu da yawa ne kuma a ce marasa. Wannan na ƙarshen ma don Allah a riƙa lura, sau da yawa ina ganin an rubuta "matsaloli mara iyaka", ai matsaloli jam'i ne, marasa ya kamata.

Tunda iyaka tana da fuskoki haka, rashinta ma dole yana da fuskoki, kuma a nan ne muke cakuɗa abubuwa. Abin da ba shi da baki daban, abin da ba shi da ƙarshe daban, abin da ba ya ƙirguwa daban, abin da ba a sa masa rana ba daban, amma duk sai mu zuba su a buhu ɗaya mu ɗaure mu rubuta mara iyaka a jiki.

Bari in ba da misali da ƙwallo, don shi na ɗauko na nuna wa yarinyar washegari. Nace ta ɗora yatsa a jikin ƙwallon tayi ta tafiya da shi duk inda take so, in ta kai bakinsa ta gaya min. Tayi ta zagaye tayi ta zagaye tace Baba ba shi da baki. Nace to amma ƙwallon babba ne har ba a iya auna shi? Tace a'a ai gashi a hannuna. To haka duniyar nan take. A 1519 jiragen ruwa biyar suka tashi daga Sifen ƙarƙashin Magellan suka nufi yamma, a 1522 guda ɗaya ya dawo gida da mutum 18 ƙarƙashin Elcano, sun zagaye duniya ba su ci karo da wani bango ko gaɓar da ake faɗawa ba. Amma duk da haka an auna ta, zagayenta ta tsakiya kusan kilomita 40,075 ne, faɗin fuskarta kuma wajen murabba'in kilomita miliyan 510. Ba ta da baki, amma tana da adadi.

Sai kuma kishiyar wannan, wanda ni ya fi ba ni mamaki. Ɗauki rula ka kalli tsakanin sifili da ɗaya, ga iyaka ta hagu ga iyaka ta dama, kowa na gani. Raba tsakanin biyu ka samu rabi, raba rabin ka samu kwata, raba kwatan ka samu ɗaya bisa takwas, ɗaya bisa sha shida, ɗaya bisa talatin da biyu, a lissafi ba ranar da za ka ce na kai wanda baya rabuwa, kuma in ka tattara waɗannan gutsattsarin duka ba za su taɓa wuce ɗaya ba. Abu ne mai iyaka ta kowane ɓangare amma abin da ke cikinsa baya ƙarewa. To in mutum yace wannan mara iyaka ne yayi daidai ko yayi kuskure? Sai ka tambaye shi wace iyakar yake nufi tukuna.

Masu lissafi sun daɗe suna fama da wannan. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuklid na Iskandariyya ya nuna cewa lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, ba su da ta ƙarshe, kuma hujjarsa ko ɗan sakandare zai gane: in wani yace ya tattaro su duka, ka ninka su gaba ɗaya ka ƙara ɗaya a kai, lambar da ta fito duk wadda ka raba ta da ita cikin jerinsa sai ɗaya ya yi saura, kenan ko dai ita kanta sabuwa ce ko akwai wata a waje da bai lissafa ba. Ita alamar takwas a kwancen wani masanin lissafi ɗan Ingila John Wallis ne ya shigo da ita a 1655. Daga baya Georg Cantor a Jamus, daga 1874, ya zo da abin da ya girgiza masana, ya nuna cewa su kansu abubuwan da ba su da ƙarshe wani ya fi wani yawa, ɗigogin da ke kan layi sun fi lambobin ƙirge 1, 2, 3 yawa duk da kowanne baya ƙarewa. A Bagadaza kuma tun ƙarni na 9 Al-Kindi yayi rubutu yana kafa hujja cewa jikin duniya da zamaninta ba za su zama marasa iyaka ba, dole suna da farko. Manyan kawuna sun ƙarar da rayuwa kan wannan kalma, mu kuma yau muna manna ta a kan kowane abu da ya ɗan yi yawa.

Kuma abin da ya fi ci min rai shi ne Hausa ba ta talauce ba balle ace dole ce ta sa. In abu yawa ne da shi har ƙirga shi ya gagara, muna da bila adadin, muna da ba adadi, ba sa ƙirguwa, dubun dubata, malala gashin tunkiya. Gashin tunkiya fa yana da adadi, Allah ya san shi, mu ne dai ba za mu zauna ƙirgawa ba, kaga hikimar maganar, bata ce babu ƙarshe ba, cewa tayi ya fi ƙarfin mai ƙirga. In abu ya cika wuri ne muna da birjik, tuli, jingim, maƙil, rututu. In ana yin abu ne ba tsayawa muna da ba ƙaƙƙautawa, ba dare ba rana, ba kama hannun yaro. In zamani ake nufi muna da har abada, da dawwama, da tun fil azal. In kuma ba a sa rana bane muna da har illa masha Allahu, da wadda nafi so duk cikinsu, sai baba ta gani.

Wannan ta ƙarshen bari in ɗan tsaya a kanta don 'yan jarida sun fi kowa amfani da ita. In ƙungiya ta tafi yajin aikin da bata faɗi ranar dawowa ba, yajin aikin sai baba ta gani kenan, kuma kowa ya gane. Yajin aikin malaman jami'a na ASUU na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu ya ƙare 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ɗalibai sun sha wuya iyaye sun sha wuya, amma ya ƙare. Da an rubuta yajin aiki mara iyaka da an faɗi abin da ba haka ba, iyakar tana nan, ba a dai san ranarta ba a lokacin. Duk da haka nakan ga wasu sabbin masu fassara suna gudun sai baba ta gani wai kamar ba ta da nauyi a labarai, sai su ɗauko mara iyaka don ta fi kama da abin da ke cikin takardar Turancin da ke gabansu. Ni a ganina ta gidan ta fi faɗin gaskiya.

Haka ƙungiyar likitocin nan ta MSF da aka kafa a Faransa a 1971, wadda ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1999, sunanta na asali yana nufin likitocin da iyakokin ƙasashe ba sa tare su. Wani sai ya fassara da likitoci marasa iyaka, mai sauraro kuma ya ɗauka yawansu ake nufi, wai likitoci ne da ba sa ƙirguwa. Amma wasu gidajen rediyo suna ce musu likitoci na gari na kowa, kuma duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan Allah ya saka masa da alheri, domin ya bar kalmomin ya kamo ma'anar, ba ruwansu da ƙasarka ko addininka ko yarenka, in kana ciwo nasu ne kai.

Akwai wani wurin da kalmar take da haɗari sosai, shi ne in ana maganar arziƙin ƙasa. Sau nawa muke jin ance Allah ya albarkace mu da arziƙi mara iyaka, man fetur mara iyaka, dazuzzuka, ruwa, filin noma, komai mara iyaka. Mai faɗa yana nufin alheri, yana nufin godiya, amma kunnen da ke ji yana ɗaukar cewa ba sai an tattala ba. Rijiyar mai tana ƙafewa, daji yana ƙarewa in ana sara ba a dasawa. Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, wanda ya tsaya a gaɓarsa a lokacin ba zai hango ɗaya gaɓar ba, da ka tambaye shi zai iya rantsuwa ruwan nan ba shi da iyaka, sai ga fari a shekarun 1970 da 1980 ya zo ya janye mafi yawansa, masunta da manoma da makiyaya miliyoyi suka shiga wani hali. A ce arziƙi mai yawa, a ce mai tarin yawa, ya isa, kuma ya bar wa mai ji wurin tunanin cewa abu mai yawa ma yana ƙarewa.

Sannan ba kowane rashin iyaka bane abin so, wannan ma tallace-tallace sun sa mun fara mantawa. Iko mara iyaka fa? Amurkawa bayan Franklin Roosevelt ya ci zaɓe sau huɗu sai suka gyara tsarin mulkinsu a 1951 suka ce sau biyu kawai za a zaɓi mutum shugaban ƙasa. A Najeriya majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba da damar tazarce karo na uku a watan Mayun 2006. Sin kuma a 2018 ta cire iyakar wa'adin shugabanta. Kowa da ra'ayinsa kan waɗannan, amma duk faɗan a kan kalma ɗaya ake yinsa, a sa iyaka ko a cire. Ko manyan titunan Jamus da ake ba da labarin wasu sassansu ba a ƙayyade gudu ba, hukuma ta ba da shawarar kilomita 130 a awa, kuma motar kanta tana da inda ƙarfinta ya tsaya, direban ma haka. Haske ma da ya fi komai sauri gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, baya wucewa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba Malam Edita, ban ce a daina cewa godiya mara iyaka ba, ko farin ciki mara iyaka, ko uwa tace son da take wa ɗanta ba shi da iyaka. Wannan maganar zuciya ce, mai faɗa da mai ji duk sun san abin da ake nufi, ba wanda aka cuta, ni kaina ina faɗa kuma zan ci gaba da faɗa. A wajen ambaton Ubangiji kuwa nan ne ma kalmar ta samu mazauninta na gaskiya, rahamarsa da iliminsa da ikonsa. Alƙur'ani a Suratul Kahfi aya ta 109 ya kawo misalin cewa da teku zai zama tawada don rubuta kalmomin Ubangiji da tekun ya ƙare kafin su ƙare, ko da an ƙaro wani tekun kamarsa. Mai karatu ya duba yadda aka ɗauko abu mafi girma da idon mutum ya sani aka nuna shi ma mai ƙarewa ne. Wanda ya taso da wannan ma'ana a kunnensa dole yaji wani iri in ya ga an liƙa kalmar a kan data ta kwana talatin.

Inda nake roƙo shi ne wurin labari da wurin ciniki da wurin karantarwa, wuraren da mutum zai ɗauki magana yayi aiki da ita, ya kashe kuɗinsa ko ya yanke shawara ko ya rubuta a jarrabawa. In wakilinku ya kawo labari da mara iyaka a ciki, don Allah mai tace labarai ya tambaye shi, yawa kake nufi ko rashin wa'adi ko rashin shinge ko rashin ƙarshe, sannan a sa kalmar da ta dace, tunda muna da su. In kamfani ya kawo muku talla yace abu kaza mara iyaka ne, ku tambaye shi a ina ake rage gudu, bayan nawa ake yankewa, a rubuta shi da Hausa a inda ido zai gani, domin da yawa cikin masu karanta ku ba sa bin dogayen sharuɗɗan nan na Turanci, ku suka yarda da ku.

Roƙona na ƙarshe kuma ga malaman lissafi da malaman Hausa da ke karanta wannan jarida. Yaron nan nawa da na tambaye shi me malaminsu yake kiran alamar ∞ in yana bayani da Hausa, sai yace wani lokaci yace mara iyaka, wani lokaci mara ƙarshe, wani lokaci kawai ya faɗe ta da Turanci ya wuce. Ni mara ƙarshe ta fi kwanta min a wajen lambobi, saboda misalin rular nan da na kawo, amma ku ne masu fannin. Ina ma Malam Edita zai ba da fili ko na sati biyu ne su rubuto ra'ayinsu a tattauna, a samu kalma ɗaya da za a riƙa koya wa yara, ni dai in an buɗe filin zan sake rubutowa in Allah ya yarda.

Na gode ƙwarai da haƙurin karanta wannan doguwar wasiƙa, Allah ya ƙara basira ya bar zumunci.

Naku,
Wani mai karanta ku kullum.